Ruwan Gidan Hajiya

"Buɗe bakinki in gani."

Na ɗago kai daga kan sikeli, safar roba a hannuna. Wata dattijuwa ce tsaye a ƙofar ɗakin gwajinmu, ta toshe hanci da gefen mayafi. Ban taɓa ganinta ba, amma goshin saurayina Injiniya ne sak a fuskarta.

"Hajiya, ina wu..."

"Ba gaisuwa ta kawo ni ba. Buɗe!"

Na buɗe.

Ta daɗe tana kallon haƙorana masu tsatsa, sannan ta ja tsaki.

"Ashe ba ƙarya aka yi ba. Gubar da kike dafawa ta fara cin ki tun daga baki. Ke yarinya, ki fita harkar ɗana! Ba zan goya jikoki masu ruɓaɓɓen baki ba."

Ta juya ta tafi. Na zauna a ƙasa ina kuka kamar raina zai fita.

Da ta tsaya, da na gaya mata haƙoran nan ne suka kawo ni ɗakin nan. Rijiyar da na sha ina ƙarama cike take da fulorayid, wani sinadari da ba ya wari, ba ya ɗanɗano. Kaɗan ɗinsa gyara haƙori yake yi, idan ya yi yawa kuwa sai ya ɓata shi, har ƙashi yake taɓawa. Shi ya sa na ƙare ƙuruciyata ina ƙera wata ƙwayar sinadari mai baki kamar awartaki, wadda za ta cafke shi ta canza launi.

Aikin ba wasa ba ne. Fulorayid yana cikin ƙwayoyi masu caji irin na gindin batir, kuma danginsa suna da yawa a ruwa. In na yi bakin da faɗi, sai ya kama na gishiri. In na matse, sai ya ƙi kama komai. Ruwan kansa kuma lulluɓe ƙwayar fulorayid ɗin yake yi, ya hana a kai gare ta.

A cikin wannan wahala Allah ya haɗa ni da Injiniya, mai haƙa rijiyoyin burtsatse. Duk inda ya haƙa sai ya ciko min kwalba.

"Wasu turare suke kai wa budurwa," na taɓa ce masa, "kai kuma ruwan laka."

"To ya zan yi, rabin raina? Shi kaɗai kike yi wa murmushi."

Da yammacin ranar da Hajiya ta zo, ya shigo idonsa jajir.

"Madam Turare ce," ya ce.

Ban yi mamaki ba. 'Yar aminiyar Hajiya ce, tana aiki a ofishin da ke ƙasanmu, kuma kowa ya san shi take so. Ita ta kitsa cewa magungunan da nake shaƙa ne suka lalata min baki, kuma duk ɗan da na haifa zai gada.

Ya ce, "Zan je in yi wa Hajiya bayani har ta..."

"Ka yi?"

Ya sunkuyar da kai. "Na yi. Ta ce kin shanye ni."

"To ka bi maganarta."

"Me kika ce?!"

"Uwa ce. Ba zan shiga gidan da babu albarkarta ba."

"Ni kuma fa? In yi yaya da raina?"

Ya tsaya har ya gaji, ya tafi.

Bai sake hawowa ba. Amma duk mako sai in tarar da kwalaben ruwa a wajen maigadi. Ko gaisuwa babu, ruwa kawai. Wallahi har yau ina gode masa da wannan, don da kwalaben sun daina zuwa, da na tattara na bar aikin.

Na rushe ƙirata, na ƙara mata hannu ɗaya, na gina mata rumfar da ruwa ba ya so. Wata safiya na shafa ta a siririyar takarda, na tsoma a ɗaya daga cikin kwalabensa.

Takardar ta tashi daga ruwan ɗorawa ta koma ja.

Na gwada da ruwan gishiri. Ko gezau.

Na yi sujada a wajen, ina dariya ina kuka, babu wanda nake son gaya wa sai wanda na kora.

Bayan damina, sai ga Hajiya a ƙofa. Wannan karon da sallama. Tana riƙe da hannun wata yarinya, ɗaya hannun kuma gorar ruwa.

"Jikata ce, ta wajen babbar 'yata. A hannuna ta tashi." "Nuna mata, uwata."

Yarinyar ta buɗe baki. Sababbin haƙoranta na gaba duk sun yi tabo.

"Wannan ba ta taɓa shiga ɗakin magungunanku ba," in ji Hajiya. "Likitan haƙori ya ce a duba ruwa. Ɗana ya ce sai wajenki." Ta miƙo gorar ba ta kalle ni ba. "Na tsohuwar rijiyar gidana ne."

Na tsoma takarda. Ta yi ja kamar garwashi.

Hajiya ta dafe bango.

"Innalillahi! Da hannuna nake ba ta... da hannuna!"

"Ba ki sani ba, Hajiya. Mahaifiyata ma ba ta sani ba."

"Haƙoran za su gyaru?"

"Tabon ba zai goge da kansa ba. Amma in an canza ruwan sha yau, ƙashinta zai tsira. Tana da ƙanne?"

"Biyu. Ɗaya ma yana nono."

"To su kin cece su."

Ta kamo hannuna da safar da komai, hawaye na bin kuncinta.

"Na zo har nan na ci mutuncinki, ke kuma kina lallashina. 'Yata, wace irin uwa ce ta haife ki?"

Sannan ta juya wajen ƙofa ta ɗaga murya. "Kai kuma shigo mana! Ka laɓe kamar ɓarawo!"

Ya shigo. Ya rame, gemu ya cika masa fuska.

"Rabin raina..."

"A gabana?" Hajiya ta ce. "Ka bari a ɗaura tukuna, marar kunya."

Madam Turare kuwa, ban san abin da Hajiya ta gaya mata ba, ban kuma tambaya ba. Na dai ga ta koma bin ɗaya matattakalar.

Ranar da Umma ta fara zuwa gidanmu bayan biki, don yanzu Umma nake ce wa Hajiya, na durƙusa na miƙa mata ruwa a kofin da na fi so. Ta karɓa, ta zuge jaka, ta zaro takardata ta tsoma.

"Haba Umma! Har nawa?"

"Na gidan kowa gwadawa nake yi, har aminaina sun fara jin haushina." Ta ɗaga takardar wajen haske, ta juya ta gaba da baya. "Lafiya lau."

Ta shanye tas, ta miƙo kofin.

"Ƙaro min, 'yata. Allah ya yi miki albarka."