Barfi a Hannun Hamidan Bi

Da ƙarfe sha ɗaya da rabi na safe, a wata masana'antar ɗinkin riguna da ke gefen garin Lautoka, allurar keken Nazmin ta karye karo na biyu. Aka kira makaniki.

Feroz ya zo ya tsuguna, ya duba keken ciki da waje, bai ga abin gyara ba. Da ya ɗaga kai sai ya ga yatsun mai keken suna rawa, gumi kuma ya jiƙa gefen mayafinta.

"Keken nan lafiyarsa lau," in ji shi a hankali. "Mai shi ce dai."

"Gyaran keke aka aiko ka ko duba marasa lafiya?" ta ce, ba ta ko kalle shi ba. "Yi abin da ya kawo ka ka ba ni wuri."

Ya zaro alawa biyu daga aljihu, ya tura su ƙarƙashin yadin da take ɗinkawa, ya tafi. Ya san wannan rawar hannu, domin ciwon suga ne ya ci ƙafar mahaifinsa kafin ya kai shi kabari.

Nazmin ta tsotsi alawar a ɓoye, idonta yana kan Hamidan Bi, shugabar layinsu, wadda ke zagaya kekuna da agogo a hannu. Dokar wurin a bayyane take: ba a shiga da abinci ko jaka, kada a ɓata yadi. Hutu minti goma ne da safe, rabin awa da rana. Duk wata uku ake sabunta takardar aiki, wadda kuma hannunta ya yi sanyi ba a sake kiranta.

Tun tana da shekara goma sha huɗu Allah ya jarrabe ta da ciwon, irin wanda ba ya jin ƙwaya sai allurar insulin, sau huɗu a yini. Maganin ba ya son zafi, rufin kwanon masana'antar kuwa tamkar tanda yake, don haka a cikin filas mai ƙanƙara take adana shi a akwatin ajiyar kayanta. A bayi take yin allurar, a tsaye, tana jin ana buga mata ƙofa. Babu wanda ya sani a masana'antar. Wani saurayinta daga garin Ba ya taɓa sani, daga ranar ba ta sake jin ɗuriyarsa ba.

Bayan kwana uku saƙo ya shigo wayarta.

*"Assalamu alaikum, Mai Filas. Ina bin ki alawa biyu da na gode ɗaya."*

*"Wa alaikumus salam. Wa ya ba ka lambata? In ka faɗa wa kowa abin da ka gani, ban yafe ba."*

*"Ban ga komai ba sai mace mai faɗa da keke. Kin gwada suganki da yamman nan?"*

Ta daɗe tana kallon wannan tambaya. Ban da mahaifinta, babu wanda ya taɓa yi mata ita.

*"Bakwai ne,"* ta rubuta. *"Na gode, Makaniki."*

Kafin kakar yankan rake ta ƙare, kalmar ta zama Makanikina. Sai dai a ranar da ya yi mata maganar aure, a tashar bas, ya gaya mata abin da ya ɓoye: Hamidan Bi mahaifiyarsa ce.

"Shekara shida ta yi tana wanke gyambon Abba," in ji shi. "Ranar da aka binne shi ta ce ciwon nan ba zai sake shiga gidanta ba. Amma bari in gaya mata gaskiya, Nazmin."

"Ka gaya mata in rasa kai in rasa aiki rana ɗaya? Mahaifina ya tsufa, ba ya iya yankan rake. Ka yi mini alkawari ba za ka faɗa ba."

Ya yi alkawarin ba da son ransa ba.

Hamidan Bi ta riga ta zaɓa masa Shaireen, 'yar ƙanwarta, wadda kekenta ke daura da na Nazmin. Sai da ya yi wata biyu yana roƙo kafin ta yarda ta taka zuwa gidan Sattar, mahaifin Nazmin, ranar wata Lahadi.

Al'ada ce idan iyaye sun daidaita, uwar miji ta ɗauki barfi, alawar madara, ta sa wa yarinya a baki da hannunta. Yarinya ta buɗe baki, magana ta ƙullu. Wadda ta kau da kai kuwa, ta ƙi gidan ke nan.

Nazmin ta kwana biyu cikin fargaba, fargaba kuma tana tayar mata da suga. Kafin ta fito da shayi ta gwada, ta ga ya hau har ashirin da uku. Ta yi allura, amma magani bai kama ba tukuna. Harshenta ya bushe, zuciyarta tana tashi. Da Hamidan Bi ta miƙo barfi guda cur, ƙamshin man shanu ya doki hancinta, sai ta kau da fuska tun kafin ta yi tunani.



"Lallai," in ji Hamidan Bi, tana mayar da barfin cikin faranti. "Sattar, ashe 'yarka ta fi ƙarfin hannuna. Mai karya allura biyu a yini ce za ta juya mini ƙeya a gaban mutane?"

Sattar ya buɗe baki zai yi bayani, Nazmin ta roƙe shi da ido. Ya haɗiye maganarsa.

"Tashi mu tafi, Feroz. In ka sake ambata mini sunanta, ka nemi wata uwar."

Da la'asar Feroz ya rubuto: *"Ki sake ni daga alkawarin nan, Mai Filas. Ina ji ina gani ana zagin ki a kan abin da ba ki yi ba."*

*"Zagi ba ya hana albashi,"* ta amsa. Ta ajiye wayar, ta yi alwala, ta daɗe a kan darduma.

Daga Litinin layin ya zame mata wuta. Hamidan Bi ta riƙa warware ɗinkinta a gaban kowa, tana ƙirga mata mintocin bayi da babbar murya. Shaireen kuwa ta sa mata ido.

Ranar Alhamis da tsakar rana Nazmin ta yi allurar abincin rana, ta fito za ta ci gurasarta ta roti, sai ta tarar da mata sun yi cirko-cirko a gaban teburin yanka. An zazzage jakarta a kai. Shaireen ta fizge filas ɗin daga hannunta, ta juye shi, allurai da 'yar kwalbar magani da ƙanƙara suka watsu.

"Ga shi nan, Khala!" in ji Shaireen ga yayar mahaifiyarta. "Shi ya sa kullum hannu na rawa. Irin ta yaran bakin kasuwa ce, masu tsira wa kansu ƙwaya. A ƙarƙashin mayafi kuma!"

Matan suka ja da baya, domin a 'yan shekarun nan babu abin da ake tsoro a garin kamar allura a jakar matashi.

"Ki ba ni abincina, don Allah," in ji Nazmin. "Zan yi bayani, amma in ci tukuna."

"Ji mara kunya, abinci take nema! Ba za ki taɓa komai ba sai manaja ya dawo. Tsaya nan kowa ya gan ki," in ji Hamidan Bi.

Ta tsaya. Minti ashirin, minti arba'in. Maganin da ta yi domin abinci yana aiki a jikin da babu abinci. Gumi ya keto mata, fuskokin matan suka rabu biyu-biyu, ta zame ta jingina da ƙafar teburin.

Wata ta ruga ta kira Feroz daga ɗakin gyara. Ya durƙusa a gabanta, ya lalubi aljihunsa, babu alawa.

"Nazmin, ki yarda in faɗa."

Ta girgiza kai. Ta ɗaga ido ta dubi Hamidan Bi, ta yi magana da kanta da harshe mai nauyi.

"Ciwon suga ne da ni. Insulin ne. Ranar Lahadi ya hau ne, yau ya faɗi. Ki kore ni in kin so, amma ban taɓa raina hannunki ba."

Hamidan Bi ta dubi 'yar kwalbar da ke kan teburin, wadda fushi ya hana ta karantawa. Shekara shida ta yi tana ajiye irinta a firjinta. Ta dubi gumin, ta dubi yatsun.

Ta ruga teburinta, ta buɗe aljihun da babu mai taɓawa, ta fito da ɗan gwangwani. Ragowar barfin Lahadi ne a ciki, a wurin da ita kanta ta haramta abinci. Ta tsuguna, ta gutsura, ta miƙa.

"Buɗe baki, shashasha. Buɗe na ce!"

Nazmin ta buɗe. Wata ta kawo shayi mai suga, Hamidan Bi ta riƙe mata kofin har ganinta ya dawo daidai.

"Khala, ai ni ban san..." Shaireen ta fara.

"Tattara mata kayanta ki nemo ƙanƙara. Sannan ki nemi gafararta."

Kwana tara Hamidan Bi ba ta yi wa ɗanta magana ba. A na goma ta je gidan Sattar ita kaɗai, ta zauna ba tare da murmushi ba.

"Ba na son ciwon nan," ta ce wa Nazmin. "Ya cinye mini miji. Amma shi ɓoyewa ya yi, yana shan shayinsa da suga cokali uku, sai da ƙafa ta ruɓe muka sani. Ke kuwa shekara goma kina yaƙi da shi, har a tsaye a bayi, a ƙarƙashin agogona. Na yi magana da manaja. Akwai firji a ofis, kuma za ki ci abinci duk lokacin da jikinki ya nema. Amma in kika sake ɓoye mini wani abu, ni da ke ne."

"In sha Allahu ba zan sake ba."

"Nawa ne yau?"

"Shida da rabi."

Hamidan Bi ta buɗe gwangwani, ta yanki barfi daidai kan ɗan yatsa, ta jira Nazmin ta yi allurarta a nan tsakiyar ɗakin, a gaban mahaifinta, sannan ta miƙa.

"Bismillah, 'yata."

An ɗaura auren bayan sallar Juma'a a farkon kakar rake. Ana tsakiyar rabon abinci wayar amarya ta yi ƙara.

*"Matata, har yanzu ina bin ki alawa biyu."*

*"Ka tambayi Ammi,"* ta rubuta. *"Ita ke riƙe da gwangwanin."*

Sattar ya ɗaga hannu ya roƙi Allah ya ba su lafiya da haƙuri da zuri'a ta gari, ya sa albarka a zamansu. Hamidan Bi ta ce amin da ƙarfi, filas ɗin amarya yana kan cinyarta.