Kunnuwan Matan Zumunta

A shekarar da wayar salula ta shigo Kaduna, sojoji ba su daɗe da komawa bariki ba, wata budurwa ta tsaya a ƙofar shagon Shekari, mai gyaran fanka a Sabon Tasha.

"Sannu da aiki. Wayar tagullar da kuke cirewa in koyil ɗin fanka ya ƙone, zubarwa kuke yi?"

Shekari ya ɗago kai. A kunnenta akwai zobe mai faɗin bakin kofi, an jera masa ƙananan duwatsu shuɗɗa, an ɗaure kowanne da siririyar waya, naɗi kusa da naɗi, babu wanda ya hau wani.

"Wa ya naɗa wannan?"

"Ni ce. Sunana Dorcas."

"To zo ki karɓi shagon, ni in koma gona."

Tun daga ranar yake tara mata waya. Tana ce masa Injiniya, yana ce mata 'Yar Zobe.

Mahaifiyarta, Mama Celina, shugabar matan zumunta a cocinsu, ba ta yi murna da soyayyar da ta shiga tsakaninsu ba. Emmanuel take so Dorcas ta aura, wani ma'aikacin sakatariya mai mota.

Da bikin Ista ya matso, matan zumunta suka ce Dorcas ta yi musu 'yan kunne iri ɗaya. Shekari ya ga damar burge surukai. Shi a aikinsa ba a haɗa waya sai an kankare siririn fentin da ke jikinta, don haka ya ɗauki sanfefa ya goge wayar duka, har ta riƙa ƙyalli kamar zinariya. Dorcas ta yaba, ba ta tambayi dalili ba.

Ranar Ista aka yi zafi, aka yi rawa, gumi ya sauka a kan tsirarar tagulla. Kafin addu'ar rufewa kunnuwan mata sun koma kore, har da zane a wuya. Wata tsohuwa ta ce asiri ne.

Da yamma saƙo ya shigo masa: "Injiniya, na ce wa Mama laifina ne. Ba ta yarda ba. Ta ce Emmanuel ya turo iyayensa ranar Asabar. Kada ka zo, don Allah."

Ya amsa: "'Yar Zobe, ba zan ɓuya a bayanki ba."

Ranar Talata matan suna taro a ƙarƙashin mangwaron coci, sai ga Shekari ɗauke da daro cike da lemun tsami. Waƙa ta tsaya. Ya durƙusa a gabansu.

"Iyayena, ni na kankare wayar. Na so in yi gwaninta, na ɓata. Ba asiri ba ne."

Ya nannaɗe hannun riga. Ashe tun Lahadi ya ɗaura wayar a tsintsiyar hannunsa, wurin ya yi kore shar. Ya yanka lemu ya goga, koren ya fita.

Mama Celina ta dube shi har ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

"Wa ya aiko ka?"

"Babu kowa, Mama. Dorcas ma hana ni ta yi."

"Ka san za ka iya yin shiru, ita ta ɗauki kunyar?"

"Na sani, Mama."

Tsohuwar nan mai maganar asiri ta miƙo kunne. "Kai ɗan fanka, zo ka fara da ni. Mijina ya ce na zama hawainiya."

Dariya ta ɓarke. Mama Celina ba ta yi ba. Sai da ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya gama, sannan ta ce, "Asabar akwai masu zuwa gidana. In kana da iyaye, su riga su."

Ranar Juma'a da sassafe kawun Shekari ya iso daga Kachia neman aure.

Bayan damina aka ɗaura aure. Matan zumunta suka rako amarya da kiɗan tulu da caki. A ƙofar coci Mama Celina ta kama hannun Shekari ta haɗa da na 'yarta.

"Ga ta nan, ɗana. Allah ya zaunar da ku lafiya."

Mata suka ce amin, guɗa ta tashi.