Igiyar Tsinke

Ranar Asabar, 12 ga Oktoba, 2019, gari ya waye da yayyafi, simintin tsakar gida duk ya jiƙe. Maman 'yan biyu tana kan keken ɗinki, kunnenta na baranda, inda igiya ke dukan ƙasa: tas, tas, tas.

Shekara takwas ke nan da ta haifi 'yan matan a wata bakwai. Mabiyiya ɗaya suka haɗa, jinin ɗaya yana tsiyaya zuwa ga ɗaya. Ta farin ta fito jajir, aka riƙa ce mata Tumatir. Ta biyun ta fito fara fat, ba ta kai kilo ɗaya da rabi ba, ita ce Tsinke. Tumatir ke zuwa ta ɗaya a aji. Tsinke kuwa lissafi ba ya zama a kanta, sai da likitar yara ta ce a haɗa mata da tsallen igiya, kowane tsalle lamba ɗaya. Ta kuma ba da takardar shiga ajin wasanni na yara irinta, uba ya sa hannu a aika. Mako uku takardar na aljihun rigar aikinsa, don Inna, mahaifiyarsa, ta ce ba da yawunta ba.

Ƙarar igiyar ta tsaya. Sai ihu.

Uwar ta fito a guje ta tarar Inna ta ninka igiyar biyu tana zuba wa Tsinke a ƙafafu.

“Wasa! Kullum wasa! 'Yar'uwarki na karatu, ke kina tsalle kamar fara!”

“Kaka, wallahi taims tebul take yi!” in ji Tumatir cikin kuka.

Uwar ta kife a kan 'yarta. Katakon mariƙin igiyar ya same ta a gira, jini ya ɓalle har cikin ido.

“Inna, don Allah ni ki daka, ki bar ta!”

“Ke ɗin zan daka! Kin kasa raba musu jini daidai a ciki, yanzu kuma ki ƙarasa min ita a waje?”

Ta sake zuba mata a gadon baya, sau uku. Ana haka Baban 'yan biyu ya shigo, ya dawo ɗaukar makullin garejinsa da ya manta. Ya tsaya cak.

“Gara da ka zo,” in ji Inna tana haki. “Yau ka zaɓa: ko ka rubuta mata takardar saki, ko in bar maka gidan!”

Maman 'yan biyu ta sunkuyar da kai. Ta san mijinta. Shi ne ya kwana arba'in a bencin asibiti saboda ita, amma bai taɓa ce wa Inna a'a ba.

Ya ciro hankici ya danne mata girar, a gaban mahaifiyarsa, shi da ko hannunta bai taɓa riƙewa a gabanta ba. Sannan ya durƙusa.

“Inna, laifina ne da na yi shiru. Na san ba wasan kike ƙi ba, tsoro kike ji.”

“Sau biyu numfashinta ya ɗauke a hannuna tana jaririya!” Muryar Inna ta karye. “Ku ba ku gani ba, ni na gani!”

“An auna zuciyarta, lafiya lau take. Matata kuwa ba ita ta raba jinin nan ba, ta kusa mutuwa a kansa. Ba zan sake ta ba, ke ma ba inda za ki. Ba ni igiyar, Inna.”

Ta sakar masa, ya miƙa wa Tsinke. “Uwata, za ki iya?”

Ta share hanci, ta miƙe, ƙafafunta duk shatin duka. Igiya ta juya.

“Bakwai — sha huɗu — ashirin da ɗaya —”

Ba ta tsaya ba sai tamanin da huɗu.

Inna ta dubi Tumatir. “Ke, daidai ne?”

“Daidai ne, Kaka. Ni ma a sittin da uku nake maƙalewa.”

Inna ta jawo Tsinke ta ɗora tafin hannu a ƙirjinta, ta daɗe tana saurare. Sai ta zube a jiƙaƙƙen siminti ta fashe da kuka.

“'Yata, ki yafe min. Na fasa miki fuska a kan maganin jikata.”

“Ba komai, Inna. Duk son ta muke yi.”

Ƙauna idan tsoro ya rufe mata ido, duka take zama. Shirun miji kuma ba biyayya ba ne in ana cutar iyalinsa. Biyayya ita ce ya faɗa wa iyaye gaskiya cikin ladabi. Haƙurin matar nan ne ya riƙe gidan har mijinta ya gane haka.

Ranar Litinin da hantsi suka tafi gidan waya su biyu, girarta da filasta. Takardar ajin wasannin duk ta yi baƙin mai a gefe. Shi ya manna kan sarki, ya miƙa mata. Ita ta jefa a akwatin.