Kujerar Mai Ganga

Ƙanwata ce ta fara ba ni labarin nan, kuma a gidanta aka yi.

Mijinta shi ke aske ciyawar babban filin wasa, inda ake ƙwallo da tsere da dambe. Babban ɗansu kuwa shi ke kaɗa wa 'yan kallo ganga. Wata ranar wasa aka yi turereniya a bakin ƙofa, aka danne yaron. Tun da aka binne shi, uban bai taɓa buɗe baki ya ce ya rasu ba. In an tambaya, sai ya ce, "Ba ya nan."

Da aka zo sauya kujerun filin, ya kwance wadda yaron ke zama, ya kawo ta gida.

Ran nan da magariba, ƙanwata na wanke-wanke, sai tsakuwa ta faɗo kan kwanon rufi. Wata ta biyo. Daga cikin ɗaki kuma aka ji kamar dubban mutane na ihu can nesa, ihun cin ƙwallo, sannan shiru. Suka leƙa. 'Yarsu budurwa na zaune a kujerar, ido a ƙafe, tana buga cinya kamar ganga.

Haka kullum in rana ta faɗi. Yarinya ta daina cin abinci, ta zama ƙashi da fata. Ƙanwata ta ce a fitar da kujerar, miji ya ƙi.

Aka kira malam. Ya daɗe yana karatu kafin wata tsohuwar murya ta fito daga bakin yarinyar.

"Malam, sassauta. Ban zo cuta ba."

"To me ya kawo ka gidan mutane?"

"Wurin abokina nake tsarewa. Kowane wasa ina gefensa, shi bai sani ba. In ya kaɗa, har ni nake rawa. Ya daina zuwa, na ce ko ya makara ne. Da aka ɗauko kujerarsa, na biyo. Ina yake?"

Malam ya dubi uban.

"Maigida, kai za ka faɗa masa."

"Ba ya nan," in ji uban.

"Sai in jira," in ji muryar.

Mutumin ya dubi wuyan 'yarsa, siriri kamar kara. Ya durƙusa.

"Ya rasu. Ɗana ya rasu."

Ƙanwata ta ce ba ta taɓa jin kuka irin wannan ba, mutum da aljan tare. Can muryar ta ce, "Mayar da ni inda ake ihu. Gidan nan ya cika shiru." Malam ya sa aljanin ya yi alkawari ba zai dawo ba. Yarinyar ta yi atishawa, ta ce, "Inna, ruwa."

Uban ya saɓa kujerar a kafaɗa ya nufi filin wasa, bai yarda kowa ya taya shi ba.

Washegari da safe na ɗauki mayafina na tafi gidan. Na sami uban zaune a ƙasa. Na zauna kusa da shi na ce, "Ya haƙuri?" Ya ce, "Yaya, sai godiya." Muka yi wa yaron addu'a da sunansa.