Makiyayiyar Baƙar Laka

Nono ne ya fara ƙin kwana.

Dommo ta buɗe ƙwarya da almuru, ta tarar da madarar shekaranjiya tana nan yadda aka tatso ta. Ba ta yi tsami ba, ba ta lalace ba. Kullun koko ma salam. Kalwar da ta rufe kwana huɗu don daddawa, ko wari ba ta yi ba.

"Baban Gambi, zo ka ga abin da idona bai taɓa gani ba."

"Hannunki ne ya tsufa," in ji Tinni, mijinta, daga kan tabarma. "Kada ki ɗora wa ƙwarya."

"Hannun da ya tara maka wannan tumbin?"

Bai samu ya rama ba. Wani abu ya faɗo tsakar gida, tim. Kaji suka yi tsit. Tinni ya ɗauka ya juya. Curin laka ne, baƙi, mai sanyi, yana warin ruɓaɓɓen ƙwai. Ya san ta. A duk Zarmaganda ba a samun irinta sai an nutsa zurfin gaba ashirin.

Haƙar rijiya gadon gidansu ce. Ya san ƙasa hawa-hawa: jan yashi, marmara, farar ƙasa mai danƙo, sannan baƙar laka a bakin ruwa. Ubansa Hima doka ɗaya ya bar masa. "Baƙar nan mai rai ce. Ba a nuna mata rana. A rufe za ka fito da ita, ka binne ta a inuwa kafin magariba."

Shekara talatin yana kiyayewa a rijiyoyin mutane. Sai da ya haƙa tasa, a cikin gidansa, ruwan ya fito da wari da wani jan yauƙi a kai. Maƙwabta suka samu abin yi. "Mai shayar da duniya, ga shi yana shan ƙwai!" Zuciya ta ɗebe shi. Ya shanya lakar a kan fako, rana ta gasa ta har ta tsage. Ya je kasuwar Walam ya samo farin garin maganin ruwa, wanda cokali ɗaya ke isar duro, ya zazzage buhu guda a ciki. Ruwa ya yi garau. Wari ya ɗauke.

Kwana uku ke nan da yin haka.

Daga ranar da curin farko ya faɗo, kowace magariba sai jifa. Curi bakwai, curi tara, wani lokaci har cikin tukunyar tuwo. In jifa ta lafa, sai a ji murya can ƙasan rijiya, siririya, tana kira irin na makiyayin da garkensa bai dawo ba. Ta kira, ta yi shiru tana saurare. Ta sake kira.

Sannan abin ya sauka kan Gambi, 'yarsu tilo, wadda ke iya daka gero mudu biyar ba ta huta ba. Ci take yi kamar fara, amma abin da ta ci yadda ya shiga haka yake fita. Wuyanta ya zama kamar sillen kara. Da rana ta yi ja sai ta rarrafa bakin rijiya, ta kwantar da kunne, ta riƙa amsa kiran nan.

Rana ta tara Tinni ya je ya zo da Alfa Sumana, tsohon malamin da ya yi karatunsa a Sayi. Alfa ya shinshina lakar, ya ɗanɗani madarar.

"Na taɓa raka mara lafiya Yamai," ya ce. "Wani likita ya ce in leƙa madubinsa mai ƙara girman abu. Ɗigon ruwa ɗaya, Tinni, ya fi kasuwar Walam cika da halittu. Abin da Allah ya halitta ba mu gani ya fi wanda muke gani yawa. Kuma kowace dukiya da mai ita."

Suka yi sallar magariba. Aka zaunar da Gambi a kan buzu, Dommo na riƙe da kafaɗunta. Alfa ya fara karatu a hankali, yana tofawa. Jifa ta tsaya. Iska ma ta tsaya. Can sai yarinyar ta ɗago kai, ta yi magana da muryar tsohuwa, mai sanyi kamar daga cikin tulu.

"Ya isa, Alfa. Ba da kai nake ba. Ina ɗan Hima?"

"Ga shi. Ke wace ce?"

"Makiyayiya. Tun kafin kakan kakansa ya san ruwa nake kiwo a ƙasan nan. Dabbobina ba su da ƙaho, ba su da ido. Dutse suke ci, duhu suke sha. Su ke tauna abin da ya mutu su mayar da shi ƙasa. Ubansa ya san mu, yana sallama. Wannan ya gasa mini rabi a rana, ya ƙone rabi da farin gari. Saboda me? Saboda an yi masa dariya."

Tinni ya sunkuyar da kai.

"Me ya haɗa yarinya da wannan?" in ji Alfa.

"Na kwashe na cikin ƙwaryarsu. Na kwashe na cikin kullunsu. Bai kai ko ƙurar abin da na rasa ba. A cikin 'yarsa akwai garke, lafiyayye, irin nawa. Shi nake korawa ƙasa, kaɗan-kaɗan. Saura kwana uku in gama."

Dommo ta saki kuka.

"Ki ji tsoron wanda ya halicce ki," in ji Alfa. "Mai laifi daban, mai biya daban? Za a cike rijiyar. Kowace ƙasa ta koma mazauninta, baƙa a ƙasa, ja a sama. Za a ɗebo laka daga tsohuwar rijiyar Hima, a rufe, a zuba miki iri."

"Irin zai yi shekara ɗari kafin ya zama garke."

"Kina da shekara ɗarin. Ita ba ta da su."

Sai muryar ta ce:

"Na karɓi rijiya. Na karɓi iri. Amma ba zan sauka hannu wofi ba. Sai ya ɗanɗani abin da na ɗanɗana."

Alfa ya buɗe baki zai ci gaba da karatu. Tinni ya riga shi.

"Nawa fa? Ni ma akwai garke a cikina."

"Rufe bakinka, Tinni!" in ji Alfa. "Ba a yi musu tayi!"

Amma magana zarar bunu ce. Bakin Gambi ya yi murmushin da ba nata ba.

"Tsohon garke ne, duk taba da goro. Amma na mai laifi ne. Ya fi mini daɗi."

Yarinyar ta yi atishawa sau uku, ta sulale a jikin uwarta. Tinni ya ji wani sanyi ya bi cikinsa ya gangara ƙafafu, ya shige ƙasa. Can ƙasan rijiya aka yi kira sau ɗaya. Wannan karon ba a tsaya saurare ba.

Kwana goma sha biyu ya yi yana cike rijiyar da hannunsa, hawa-hawa. Ran da ya zuba jan yashin ƙarshe, Dommo ta buɗe ƙwarya ta tarar nono ya kwana, har da tsami. Gambi ta shanye shi tas, ta nemi ƙari. Kafin kaka ta koma bakin turmi.

Shi kuwa Tinni ya yi shekara shida a duniya bayan haka. Malmala uku yake ci a zama ɗaya, ya suɗe kwano, ya tashi da yunwar da ya zauna da ita. Ya rame har ɗamara ta zagaye shi sau biyu. Bai taɓa kai ƙara ba. In Gambi ta kawo masa tuwo, sai ya tura mata rabi.

"Ci," yakan ce. "Ke naki yana zama."