Samfurin da Aka Tsallake

"Mama, me ya sa mai gyaran nan ba ya numfashi?"

Uwar ta jawo 'yarta jikinta. Dare ya yi mata a ɗakin manyan kwamfutoci, tana faɗaɗa manhajar gano kuskure a ƙwaƙwalwar na'ura, don ta yi aiki da sababbin samfura.

Tsohon mai gyaran ya matso, yana warin ƙonanniyar waya. "Baiwar Allah, kin sa samfurin kowa, kin tsallake namu."

Ta taɓe baki. "Naku? Baba, ko 'yan gwangwan sun raina shi."

Dariyarsa ta fito daga fankar tsohon injin da ta zare wa wuta tun rana.

Yarinyar ta ɗago, ta kalli uwar kamar an goge mata ƙwaƙwalwa, ta zame hannunta. "Ke wace ce?"

In aiki zai kai ku dare, ku bar yaranku a gida.