Ɓeran da Bai Faɗi Ba

Sandar ƙarfe tana juyawa cikin akwatin gilashi, fararen ɓeraye suna tafiya a kanta suna zubowa ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda ya faɗi sai na'urar da ake kira Ma'auni ta yi ƙit, ta haska makinsa a allon bango. Iyakar wayonta ke nan. Wanda ya daɗe bai faɗi ba shi ne gwani a wurinta, kuma duk Cibiyar Tsoka ta Sabon Birnin Dala ba mai ja da maganarta.

Dakta Indo Garko ta san ciwon ɓerayen nan ciki da waje. A fatar kowace ƙwayar tsoka akwai ƙananan ƙofofi da gishirin jiki ke shiga da fita ta cikinsu. Wasu ke sa tsoka ta ɗaure, wasu ke sa ta saki. Ɓerayen an haife su ƙofar sakinsu a toshe, in suka zabura sai ƙafa ta sage, su kife. Ita ma Indo haka aka haife ta. In shugaban cibiyar, Farfesa Lurwanu, ya shigo kowa ya miƙe ya rusuna, ita sai ta jima a kujera tana lallashin gwiwarta. An daɗe ana ce mata mai girman kai, ta bar su da bakinsu.

Farfesa ne ya ƙirƙiro Ƙarfau, allura mai ɗauke da na'urori ƙanana da ido ba ya gani, masu shiga tsoka su zame mata ƙofa. Da a magani ya tsaya, da an sa masa albarka. Amma mutumin ba ya ƙoshi. So yake leburorin jirgin ƙasa mai bi ta sama su yini suna ɗaukar kaya ba gajiya, sai ya sa aka ƙara wa na'urorin ƙarfin damƙa. Yau ne bikin ƙaddamarwa, kuma ya riga ya shelanta wa duniya cewa Indo ce mutum na farko da za a yi wa allurar, gaban manyan baƙi.

Ya shigo da safen nan babbar riga tana shan iska, ya nuna allon.

"Kin ga ɓerana Zakara? Tun jiya da aka yi masa allurar yake kan sanda bai faɗi ba. Naɗe hannun rigarki, Dakta, yau kin rabu da ciwon nan."

Allah ya sani tana so ta rabu da shi. Ta sha kuka a kan matakala, ta sha ƙona hannu don yatsunta sun ƙi sakin tukunya. Amma tun da ta iso take kallon ɓeran, ranta kuma ya gama ɓaci.

"Ranka ya daɗe, allon ka duba ko ɓeran?"

"Ma'auni ba ta ƙarya."

"Ba ta yi ƙarya ba. Faɗuwa kawai aka koya mata ta ƙirga."

Ta dafa tebur ta tashi a hankali yadda ta saba, ta buɗe akwatin. Zakara yana maƙale da sandar, tana juyawa da shi sama da ƙasa, ido a buɗe, jiki ya yi sanyi. Tsokarsa ta ɗaure ta ƙi saki, har ta ƙirjin da yake numfashi da ita.

Farfesa ya rage murya. "Ɓera ɗaya ne. Cire shi, baƙi suna hanya. Ki tuna wanda ya ɗauke ki aiki lokacin da kowa ya ƙi ki."

"Na tuna, kuma na gode. Amma jikin nan nawa ne, da sagewarsa da komai. Gara in faɗi a gaban mutane in tashi. Allurarka ba za ta shiga jikina ba, kuma duk wanda ya tambaye ni dalili zan kawo shi nan ya gani. Gwaninka ne, kai ka cire shi."

Ta ja kujera ta zauna, ta harɗe hannuwa.

Farfesa ya tattare hannun babbar riga ya zura hannu cikin akwatin. Ya ja, ya murɗa, ya sa farce yana ɓamɓare ƴan yatsun, gumi yana ɗiga a gilashi. Ɓeran ya ƙi saki. A baranda aka ji lif ɗin hawa bene ta buɗe, sallamar baƙi tana matsowa, allon bango kuma yana ta ƙara wa gawar maki.